Darasin Ƙasa Da Ruwa: Abin Da Gwangwani Uku Za Su Koya Wa 'Ya'yanmu

Daga Wakilinmu Na Fannin Ilmi

DUK wanda ya taɓa ratsa filin makarantar firamare da hantsi, bayan an kwana ana ruwa cikin watan Agusta, ya riga ya ga abin da za mu yi magana a kansa yau. A gefe guda, inda yara ke buga ƙwallo, ƙasa ta tsane sarai, har mutum ya taka ba ya ɓata takalmi. A ɗaya gefen kuwa, can bayan azuzuwa, ruwa ya yi kwance abinsa, kuma zai kwana uku ko huɗu a wurin, kwaɗi na kuka, sauro na hayayyafa. Hadari ɗaya ne ya zubar da ruwan nan, a dare ɗaya, bisa fili ɗaya. To, me ya sa wani wuri ya shanye rabonsa, wani kuwa ya riƙe nasa?

Na yi wa 'yan aji biyar wannan tambaya a wata makarantar karkara da na ziyarta. Nan da nan suka jero mini sunayen ƙasa iri uku da Turanci, da murya ɗaya, daidai yadda aka rubuta musu a allo, babu tuntuɓe. Amma da na fita na damƙo ƙasa a hannu, na ce su gaya mini wace ce wannan daga cikin ukun, sai aji ya yi tsit. Abin mamaki shi ne, galibin yaran nan 'ya'yan manoma ne. Kowace Asabar suna gona. Da a ce na tambaye su inda jigawa take da inda fadama take a garinsu, da sun kai ni ko da idonsu a rufe. Abin da ba su sani ba shi ne, ƙasar da ke rubuce a allo ita ce dai wadda suke takawa kullum.

Wannan giɓi, tsakanin allo da gona, shi ne damuwarmu. Tun daga shekarar 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, muke jin kukan malamai cewa ba za a iya koyar da kimiyya sosai ba saboda rashin ɗakin gwaje-gwaje da kayan aiki. Kukan nan yana da gaskiya a wurare da dama. Amma akwai darasi ɗaya da wannan uzuri bai shafe shi ba, watau darasin yadda ruwa ke ratsa ƙasa iri-iri. Kayan aikinsa na zube a bayan kowane aji.

ILMIN DA YARO YA BARO GIDA

Kafin malami ya ɗauki alli, ya kamata ya tuna cewa Bahaushe bai jira littafi ba kafin ya rarrabe ƙasa. Akwai jigawa, tudu mai rairayi, wadda ruwa ba ya daɗewa a kanta, har ma jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta samo sunanta daga gare ta. Akwai fadama, kwari mai damshi wanda ke riƙe ruwa har cikin rani. Akwai laka da yumɓu masu danƙo, da dabaro, baƙar ƙasa mai nauyi da ke tsattsagewa in ta bushe. Akwai jangargari, da marmara, da tsakuwa. Akwai kuma fako, ƙasar da ta ƙeƙashe ta yi tauri har ruwa ke bi ta kanta ya wuce bai shiga ba.

Sunayen nan sukan ɗan bambanta daga wannan gari zuwa wancan, amma in mai karatu ya lura zai ga kusan dukkansu suna bayyana halin ƙasa ne game da ruwa. Manomi ya san gero da gyaɗa da wake sun fi son jigawa, dawa ta fi son ƙasa mai ɗan nauyi, shinkafa da rake kuwa sai fadama. Ya san wannan tun kaka da kakanni. Aikin makaranta shi ne ta nuna wa ɗansa dalilin da ya sa haka, kuma ta koya masa yadda ake aunawa, domin ya iya hukunta ƙasar da bai taɓa gani ba.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN ƘASA

Asirin duka yana ga girman ƙwayoyin ƙasa. Masana sun kasa su gida uku. Mafi girma su ne na rairayi, waɗanda kaurinsu kan kama daga milimita 2 zuwa ƙasa, ido na ganinsu, yatsa na jin kaushinsu. Na tsakiya su ne masu laushi kamar garin tuwo, irin waɗanda kogi kan bari a bakin gaɓa bayan ya janye. Mafi ƙanƙanta su ne na yumɓu, waɗanda ba su kai milimita 0.002 ba. Watau sai an jera aƙalla 500 daga cikinsu kafin su cika milimita ɗaya tak, kuma babbar ƙwayar rairayi ta ninka babbar ƙwayar yumɓu sau 1,000 a kauri.

Ruwa ba ya huda ƙwayar ƙasa, tsakankaninsu yake bi. A ƙasar noma mai kyau, kusan rabin jikinta kafofi ne da iska da ruwa ke zama a ciki. Inda ƙwayoyi suke manya, kafofin su ma manya ne, sai ruwa ya zarce. Inda suke ƙanana, kafofin sun matse, sai ruwa ya maƙale a jikin ƙwayoyin yana tafiya da ƙyar. Kowace yarinya da ta taɓa wanke tsabar masara a kwando, ta kuma taɓa dama gari, ta san wannan bambanci da hannunta. Da wannan misali ya kamata malami ya fara.

Akwai wani abu da kan ba manya ma mamaki. In aka haɗa jimlar kafofin da ke cikin yumɓu, sun fi na rairayi yawa. Shi ya sa yumɓu ya fi ɗaukar ruwa. Sai dai ƙanƙantarsu ta sa ba ya sakinsa da wuri, wani ɓangare ma yakan riƙe shi da ƙarfin da saiwar shuka ba ta iya zuƙa. In kuwa kafofin suka cika da ruwa kwana da kwanaki, iska ba ta samun wurin zama, saiwa ta rasa numfashi, ganye ya yi rawaya, shuka ta mutu alhali tana tsaye cikin ruwa.

Masu aikin ban ruwa suna da ƙiyasin da suke aiki da shi. Bayan ƙasa ta jiƙe sosai, rairayi kan sha ruwa wajen milimita 30 ko fiye a cikin awa ɗaya. Ƙasa mai gauraye, wadda ta haɗa iri ukun nan daidai wa daida, takan sha tsakanin 10 da 20. Yumɓu kuwa tsakanin 1 da 5 kawai.

YADDA AKE GWAJIN

Kayan da ake bukata su ne gwangwanaye uku masu girma ɗaya, ko gorunan ruwa na roba da aka yanke musu gindi aka kife. Sai ƙusa, da tsohon ƙyalle, da kofuna uku na tarar ruwa, da agogo, ko na hannu ko na wayar malami. A huda gindin kowane gwangwani, yawan huji ɗaya, girma ɗaya, sa'an nan a shimfiɗa ƙyalle a ciki don kada ƙasa ta zube.

Ƙasar kuwa yaran ne za su kawo ta. A kasa su ƙungiya-ƙungiya. Waɗannan su ɗebo rairayi daga jigawa ko bakin rafi, waɗancan su roƙo yumɓu wurin mai ginin tukwane ko su samo laka daga fadama, saura su ɗebo daga gonar da ta sha taki. Kowace ƙungiya ta rubuta inda ta samo tata, da sunan da mai gonar ke kiranta da shi. A shanya ƙasar ta bushe, a farfasa ƙulalai, a tsince duwatsu da saiwoyi, a tankaɗe. Sa'an nan a zuba awo ɗaya cikin kowane gwangwani, a bubbuga shi a hankali don ƙasar ta zauna.

A nan sai malami ya dakata. Kada a zuba ruwa tukuna. Ya tambayi aji: wanne zai fara ɗiga? Wanne zai fi fitar da ruwa? Kowane yaro ya ɗaga hannu ga wanda ya zaɓa, a rubuta yawansu a allo. Wannan mataki shi ne ran darasin, domin yaron da ya riga ya faɗi ra'ayinsa a gaban 'yan'uwansa ba zai ɗauke idonsa daga gwangwanin ba har sai ya ga ƙarshe.

Bayan haka yara uku su zuba ruwa awo ɗaya, lokaci ɗaya, a hankali. Wani ya riƙe agogo, wani ya tsaya a allo. Abubuwa uku za a rubuta game da kowane gwangwani: lokacin da ɗigon farko ya faɗo, lokacin da ɗigon ya tsaya, da yawan ruwan da aka tara a kofi. Rairayi zai saki nasa kusan nan take. Ƙasar gona za ta biyo baya sannu a hankali. Na yumɓu kuwa mai yiwuwa ne a buga ƙararrawar tashi ruwa na kwance a samansa, sai a bar shi a duba washegari.

Sa'an nan tambaya ta biyu ta biyo, wadda ta fi ta farko nauyi: kofi ɗaya muka zuba, amma abin da ya fito bai kai kofi ɗaya ba, ina sauran? A bar yaran su yi lissafi da kansu, su debe abin da ya fito daga abin da aka zuba. Ragowar nan ita ce abin da shuka ke sha in ruwan sama ya ɗauke kwana goma. Daga nan yaro zai gane cewa ƙasar da ta fi saurin tsanewa ba ita ce ta fi kyau ba, haka ma wadda ta fi riƙewa. Ta tsakiya, mai sakin abin da ya yi yawa ta riƙe abin da ake bukata, ita ce abin nema ga yawancin amfanin gona.

Kada wani ya raina wannan gwaji don ganin gwangwani. A shekarar 1856 wani injiniya Bafaranshe mai suna Henry Darcy, wanda ya samar wa birnin Dijon ruwan famfo, ya wallafa sakamakon gwaji irin wannan. Bututu ya tsayar, ya cika shi da rairayi, ya tura ruwa, ya auna abin da ke fitowa. Ƙa'idar da ya fitar tana ɗauke da sunansa har yau, kuma da ita masu haƙar rijiyar burtsatse da masu gina madatsun ruwa ke lissafi a ko'ina cikin duniya.

IN GWAJI YA ƘI

Wani lokaci malami zai ga ruwa ya zarce cikin gwangwanin yumɓu fiye da yadda ake zato. Kada ya ji kunya, kada kuma ya ce wa yara su rubuta abin da littafi ya faɗa su manta da abin da idonsu ya gani. Babu abin da ya fi wannan kashe zuciyar bincike. Ya ce su duba da kyau. Galibi za a tarar ba a farfasa ƙulalan sosai ba, ruwa ya bi tsakaninsu, ko kuma ya sulale ta jikin gwangwani.

Wannan kuskure kansa darasi ne, domin haka take faruwa a daji. A yankin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Ngala da Marte a jihar Borno, akwai baƙar laka da ake kira firgi. Da rani takan tsage har hannu ya shiga. Ruwan farko yakan bi tsagar ya nutse, sa'an nan lakar ta kumbura, tsagar ta rufe, ruwa ya kwanta a bisa. Manoman wurin sukan yi 'yan kunyoyi su tare ruwan, in damina ta wuce su dasa dawar da ake kira masakwa, ta girma da damshin da ƙasa ta adana, a girbe ta cikin sanyin hunturu ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Haka kuma ake yi a arewacin Kamaru da Chadi. Ƙasar da wani zai ce ba ta noma, sanin halinta ya mai da ita rumbu.

A FITA WAJE

Gwajin cikin aji yana nuna halin ƙwayoyin ƙasa kaɗai. Akwai na biyu da ke nuna abin da ɗan Adam da dabba ke yi mata. A cire wa gwangwani baki da gindi, a kafa shi cikin ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa, a zuba kofin ruwa a auna lokacin da zai ɓace. A yi haka a kan hanyar da yara ke bi kullum, a yi a gindin bishiya inda ganye ke ruɓewa, a yi a gonar makaranta. Ko da ƙasar iri ɗaya ce, za a ga wadda aka tattake ta ƙi shan ruwa, wadda ke da taki da saiwoyi da ramukan ƙwari kuwa ta shanye.

Daga nan malami na iya ba su labarin manoman Ilela ta jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. A ƙarshen shekarun 1980 wasu daga cikinsu sun ziyarci yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake farfaɗo da fako. Da rani ake haƙa 'yan ramuka a jere, a zuba taki cikin kowanne. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, in ruwa ya sauka ya taru a ramin ya nutse, a shuka gero ko dawa a ciki. A Nijar ana kiran ramukan tassa, kuma da su aka maido da filaye masu yawa da aka riga aka fid da rai da su. Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya shahara wajen raya wannan dabara, ya sami lambar yabo ta duniya a 2018, ya rasu a 2023. Bai yi karatun boko ba, lura ya yi da ƙasa da ruwa.

GONA, RIJIYA DA GIDA

Mai karatu na iya tambaya, shin wannan duka me zai ƙara wa yaro ban da cin jarrabawa? Amsar tana wurare uku.

Na farko gona. Takin zamani ya yi tsadar da ba a wasa da shi. Yaron da ya ga yadda ruwa ke zarcewa cikin rairayi zai fahimci abin da ya sa malaman gona ke cewa a raba takin yuriya kashi-kashi a jigawa, domin in an zuba shi gaba ɗaya ruwa mai ƙarfi kan wanke shi zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Zai kuma gane abin da ya sa mai lambu a rairayi ke ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, na laka kuwa yake jinkirtawa. Zai ga hikimar kakanninsa na kewayen Kano da suka daɗe suna jigilar takin gari a kan jakai zuwa gonaki, domin takin gargajiya yana taimaka wa rairayi riƙe ruwa, yana kuma sassauta laka.

Na biyu lafiya. Abin da ke bin ruwa cikin ƙasa ya haɗa da ƙazanta. A unguwar da ke bisa rairayi, inda ruwan rijiya ke kusa, masai ko kwatamin da aka haƙa dab da rijiya na iya kai mata ƙwayoyin cutar amai da gudawa. Saboda haka ne ƙungiyoyin agaji na duniya suka ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa yake. Dā can duba-gari ne ke tsawatar wa mutane kan irin wannan. A nan akwai gargaɗi ga malami: in an zuba gurɓataccen ruwa cikin rairayi yakan fito garau, yara kuwa sai su ɗauka ya tsarkaka. A faɗa musu ƙarara cewa hasken ruwa ba shaidar tsabtarsa ba ce, kuma kada kowa ya kai na gwaji bakinsa.

Na uku muhalli. Ga wani lissafi da 'yan aji shida za su iya yi. Milimita 1 na ruwan sama bisa hekta ɗaya lita 10,000 ne. A ce an yi ruwa milimita 30 cikin awa ɗaya bisa lakar da ba ta shan fiye da 5. Saura 25, watau lita 250,000, ko durom 1,250 mai cin lita 200, kuma dole ne su sami wurin zuwa. A birnin Kano kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini su ne suka daɗe suna karɓar irin wannan ruwa. An cike da dama daga cikinsu an yi gini, an kuma malale tsakar gidaje da siminti, wanda ba ya shan ko ɗigo. A ambaliyar 2022 mutane fiye da 600 suka rasa rayukansu a Nijeriya, jihar Jigawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ba mu ce darasin gwangwani zai hana kogi cika ba. Amma wanda ya yi shi yana yaro, in ya girma aka nuna masa fuloti mai arha a tsakiyar fadama cikin watan Maris, zai durƙusa ya murza ƙasar a hannunsa kafin ya ƙirga kuɗi.

KIRA GA WAƊANDA ABIN YA SHAFA

Muna kira ga shugabannin makarantu da su ba malamai damar fitar da yara daga aji, su daina ɗaukar yaron da ya koma gida da taɓo a riga a matsayin wanda ya yini yana wasa. Muna kira ga kwalejojin horon malamai da su tabbata kowane ɗalibinsu ya yi gwajin nan da hannunsa kafin a ba shi takardar shaida, domin wanda bai taɓa yi ba ba zai sa wani ya yi ba. Masu duba makarantu kuma, in sun je rangadi, su nemi ganin gwangwanayen tare da littafin shirin darasi.

Iyaye su ma suna da nasu rabon. Babu laifi hedimasta ya gayyato dattijon manomi, ko mai haƙar rijiya, ko mai ginin tukwane, ya zo ya tsaya gaban aji ya faɗi abin da ya sani, malami ya ɗora bayanin littafi a kai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 5 ga Disamba ta kowace shekara don tunawa da muhimmancin ƙasar noma, kuma an fara kiyaye ta a hukumance a 2014. Lokacin an gama kaka, ƙasa ta bushe, manoma sun sami sarari. Ranar ta dace da irin wannan taro.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaran da na tarar a makarantar nan ba daƙiƙai ba ne, an dai ba su ji an hana su gani. Gwangwani uku, da ƙusa ɗaya, da bokitin ruwa, da malami mai haƙurin barin yaro ya yi kuskure ya gyara, su ne abin da ake bukata. Allah Ya ba malamanmu ikon yi, Ya kuma ba mu damina mai albarka.